Taki Gwaji Ce, Yaya

Kafin kowa ya motsa a gidan, Yaya ta riga ta ɗaga Inna. Takan sunkuya ta zura hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗun tsohuwar, ɗayan ƙarƙashin cinyoyinta, ta riƙe numfashi, ta cicciɓe ta daga gado zuwa kujerar roba ta wanka. Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye babu wanda ya iya wannan ɗagawar sai ita. Ko kuma dai a ce babu wanda ya taɓa gwadawa.

"A hankali mana, ke," in ji Inna da karkataccen bakinta. "Buhun gawayi kika samu?"

"Buhun gawayi ba ya tsiwa, Inna."

"To je ki nemo shi ya zama uwarki."

Yaya ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Duk lokacin da ta sunkuya da nauyi a hannu sai ta ji kamar ana danna mata idon dama da babban yatsa daga ciki. Na hagu ya riga ya tafi tun bara, a hankali, ba ja ba kumburi, har sai da ta rufe na dama wata rana tana wanke fuska ta ga babu komai a gabanta. Likitan ido bai ɓoye mata ba. Ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya ci ya ci, ba ya dawowa. Ya ce maganin ɗigawa ya daina riƙe na daman, sai an yi aiki, kuma da wuri. Sannan ya faɗi abin da ya tsaya mata a wuya: bayan aikin, sai ta yi makonni ba ta sunkuya ba, ba ta ɗaga ko bokitin ruwa ba.

Wa zai ɗaga Inna? Wannan ita ce maganar gaba ɗaya.

Gidan na ƙanwarta ne, autarsu, wadda mutanen waje ke kira Dakta. Inna kan ce ita ce likitar da ba ta san allura ba. A wata cibiyar bincike kan haƙƙin mata take aiki, tana rubuta rahotannin da ake kaiwa gaban 'yan majalisa, kuma Yaya tana alfahari da ita fiye da yadda take nunawa. In an sa Auta a talabijin, Yaya ce ke tura keken Inna gaban akwatin, ta ƙara murya, ta ce wa yara su yi shiru uwarsu na magana. Ita Yaya ɗinki ne sana'arta. Keken ɗinkin yana nan a kusurwar ɗakin Inna, an lulluɓe shi da zane, ya zama teburin ajiye magunguna.

Ranar da ta dawo daga wurin likita, a bakin ƙofa ta tare Auta, mabuɗin mota a hannu, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Auta ta saurara, ta zaro ido, har ta ce wa wanda ke wayar ya ɗan dakata.

"Subhanallahi. Yaya, ai wannan ba abin wasa ba ne. Dole a yi aikin nan. Ki ɗan ba ni lokaci mu gama tsara sabon binciken nan, zan zauna da kaina in nemo mai kula da Inna. Ba kowace za a kwaso a kan hanya ba, kin sani."

Yaya ta ce ta sani.

Ta kira ƙanenta, wanda duk gida ke ce wa Lauya. Yana zaune a can wani ɓangaren gari da iyalinsa, yakan zo duba Inna da ledar lemo, ya zauna a bakin gado yana latsa waya.

"Yanar ido ce fa, Yaya," ya ce. "Surukina ya yi shekaru da ita, ranar da ya ga dama aka kankare masa, yanzu har tuƙi yake yi."

"Ba yana ba ce. Likita ya ce wannan in ya tafi ya tafi."

"Haka suke faɗa don mutum ya tsorata. Ni da zan iya da na ɗauko Inna nan, amma kin san ciwon bayan matata. Kuma ke shaida ce, Inna ba ta yarda da hannun bare."

Gaskiya ne Inna ta taɓa faɗin haka, sau ɗaya, a farkon ciwon, lokacin da wata nas ta murɗe mata hannu a asibiti. Tun daga ranar maganar ta zama dukiyar gida. Kowa ya ajiye ta a aljihu, yana fito da ita duk lokacin da aka matsa masa.

Wata safiya Auta ta leƙo ɗakin Inna da fara'a. Ta ce abokiyar aikinta za ta zo da yamma, suna so su yi wa Yaya tambayoyi. Binciken nasu, ta ce, a kan mata ne masu jinyar 'yan uwa a gida, waɗanda ba a biyansu, ba a ƙirga wahalarsu a matsayin aiki.

"Ni za ku tambaya?"

"Wa ya fi ki sanin abin, Yaya?"

Yinin nan Yaya ba ta taka ƙasa da nauyi ba. Ta gama wankin zannuwan gado da wuri, ta yi wa Inna wanka na biyu, ta buɗe akwati ta ciro rigar da ta ɗinka wa kanta tun idanunta biyu suna aiki. A ranta ta ce ashe Auta ba ta manta ba. Ta dai ga maganar ta fi ƙarfin bakin ƙofa ne, shi ya sa ta kawo ta inda ake sauraro da gaske, inda abin da mace ta faɗa yake zama hujja.

"Ina za ki da kwalliya haka?" in ji Inna. "Ko wani makaho ne ya ce yana so?"

"Gwamnati ce za ta ji ta bakina yau."

"To ki gaya mata shayin gidan nan ba ya jin sukari."

Baƙuwar ta zo, wata doguwa mai tabarau, mai ladabi. Ta gaishe da Inna har ƙasa. Aka zaunar da Yaya a falo, a kan kujerar da kullum sai dai ta kakkaɓe ta wuce. Auta ta zauna a gefe da kwamfuta a cinya, Mai Tabarau ta ajiye agogonta a kan tebur.

Tambayoyin farko masu sauƙi ne. Wa take kula da shi, tun yaushe, me da me take yi masa. Yaya ta amsa dalla-dalla, har da yadda ake juya mai shanyewar jiki don kada bayansa ya yi gyambo. Sai Mai Tabarau ta karanta wata:

"Shin jinyar da kike yi ta taɓa hana ki neman magani don lafiyar kanki? Ki yi bayani."

Yaya ta gyara zama. Ta faɗi komai. Ta faɗi yadda na hagu ya tafi ba sallama. Ta ce yanzu da na dama tana ganin duniya ne kamar mai leƙe ta bakin kwalba, abin da ke tsakiya kawai, gefe da gefe babu, kuma bakin kwalbar kullum ƙara tsukewa yake yi. Ta faɗi maganar likita kalma bayan kalma. Ta ce ba ta tsoron aikin, ba ta tsoron ciwo, abin da take tsoro shi ne ranar da za ta zura cokali ta rasa bakin Inna. Ta ce tana so ta sake zura zare a allura ko sau ɗaya ne. Muryarta ta karye a nan, ta sa bakin mayafi ta goge idon da ya rage.

Mai Tabarau ta sauke kai, ta ce, "Sannu, Yaya. Allah ya ba da lafiya." Sannan ta dubi agogo, ta dubi Auta.

"Tambayar nan ta cinye lokaci," Auta ta ce, idonta a kan kwamfuta. "In kowace mace za ta yi dogon bayani haka, ba za mu gama ƙauye ɗaya a yini ba."

"Wannan 'ki yi bayani' ɗin ne matsalar."

"Cire shi. A mayar da ita e ko a'a."

Aka wuce ta gaba. Yaya ta ci gaba da amsawa. Ta ce a ranta haka aikin masu ilimi yake, ba sa nuna abin da ya taɓa su a gaban mutane. In baƙuwa ta tafi Auta za ta shigo ɗaki ta zauna kusa da ita. Baƙuwa ta tafi. Auta ta raka ta mota, ta dawo tana waya, ta wuce ɗakinta.

Daga nan aka shiga fita karkara. Auta takan tafi da ayarinta su yi kwanaki, ta dawo baƙi ƙirin da rana, ƙafafu a kumbure, ta sake fita. Ba a maganar neman mai jinya sai an dawo gaba ɗaya. Mijin Auta mutum ne mai kawaici, yakan tsaya a ƙofar ɗakin ya ce, "Yaya, ya jikin Inna? Ya naki idon?" In ta fara amsawa sai ya ce, "Ai maganar tana hannun ƙanwarki, ni ba na so in shiga tsakanin 'yan uwa."

Bakin kwalbar ya ci gaba da tsukewa. Yaya ta fara karo da gefen ƙofa. Ta taka ƙafar ƙaramin yaron gidan ba ta gan shi ba, ya yi kuka, ta yi ta ba shi haƙuri. Ta kama tukunya mai zafi ta inda babu mariƙi, tafin hannunta ya tashi. Magungunan Inna ta daina gane su da rubutu, sai ta ɗaura wa kwalbar safe zare, ta bar ta yamma haka, tana lalube. Ta koyi juya kai gaba ɗaya kamar kaza in za ta ga wanda ya shigo.

Wata rana da Auta ta dawo, ana cin abincin yamma, ta ajiye cokali ta ce abincin ya ƙi wucewa. Ta ba da labarin wata mata da suka samu a wani ƙauye, tana jinyar mijinta, ga ƙari ya fito mata a ƙirji, ta kasa zuwa asibiti don babu wanda za ta bar masa shi.

"Ga 'yan uwansa nan fa, gida guda," Auta ta ce, hawaye na zubo mata. "Suna kallonta. Wallahi mutane ba su da imani. Ta yaya za ka zauna da mutum a gida ɗaya yana narkewa ba ka gani ba?"

Yaya na tsaye a bayanta da butar shayi. Ta karkata butar, ruwan ya zuba a gefen kofi, ya bi tebur ya gangara kan takardun da ke kusa.

"Kai, Yaya! Hankalinki na ina?"

"Yi haƙuri. Ban ga bakin kofin ba."

Auta ta kwashe takardun tana kaɗawa. Yaya ta kawo tsumma. Tana gogewa ta ce, a hankali, kamar mai tambayar farashin abin da ta san ba za ta iya saya ba:

"Auta, ni fa amsata? Wadda na ba ku ranar nan. Ita ma ta shiga cikin na matan?"

"Wace? Au. A'a, Yaya, taki gwaji ce."

"Gwaji?"

"Haka ake yi. Kafin a fita, sai a gwada tambayoyin a kan wani na kusa, a ga ko ana gane su, a ga tsawon lokacin da suke ci. Amsar gwaji ba a haɗa ta da sauran, sai ta ɓata lissafi. Balle ke 'yar uwata ce, ƙa'ida ma ba ta yarda ba." Ta dafa mata hannu. "Amma kin taimaka mana ƙwarai. Ba don ke ba da tambayar nan ta ba mu wahala a ƙauye."

Yaya ta ce to. Ta kai tsumman kicin, ta tsaya a gaban famfo ta bar ruwa yana zuba a hannunta. Rigar nan ta tuna. Ita ta fi ba ta kunya, rigar da ta ciro daga akwati.

Ranar da asibiti suka ba ta ta komawa ta faɗo a hutun ƙarshen mako. Auta ta ce ta je, ita za ta zauna da Inna, ai a ɗakin ma za ta iya rubutunta. Yaya ta shirya komai a inda hannu zai kai, ta hau motar haya, ta miƙa kati, ta zauna a benci cikin masu auduga a ido. Layin na tafiya a hankali. Saura mutane kaɗan a gabanta wayar ta yi ƙara.

"Yaya, kin kusa? Inna ta ɓata jikinta."

"Akwai kunzugu a ƙasan gado. Ki juya ta gefen bango, ki..."

"Na gwada, ta yi min nauyi. Tana kuka, Yaya. Ta ce ke take so. Ni ban san yadda ake yi ba, kada in karya ta."

Ta cikin wayar Yaya ta jiyo muryar Inna, ba kalma ba, wani irin nishi na tsohuwar da ke kwance cikin ƙazantarta a gaban 'yarta. Ta dubi ƙofar likita. Ta tashi ta karɓi katinta.

Da ta gama gyara Inna, ta wanke hannu, ta samu Auta a falo. Yaya ba mai ɗaga murya ba ce, amma ranar ta ɗaga.

"Ido ɗaya ya rage min, Auta. Ɗaya. Shi ma rabinsa ya tafi. Sai yaushe?"

Auta ta rufe kwamfuta. Fuskarta ta yamutse kamar lokacin da take ƙarama.

"Kina ganin ban damu ba ne? Rabona da barcin kirki tun yaushe? Aikin nan don wa nake yinsa in ba don irinku ba? In rahoton nan ya shiga majalisa, za a yi dokar da za ta sa a buɗe wuraren da mai jinya za ta kai marar lafiyarta ta samu hutu. Mata dubbai, Yaya. In na sake shi yanzu, zaman majalisar ya wuce, sai wata shekara. Ni kaɗai ce? Lauya fa? Kowa ni yake kallo." Ta fashe da kuka sosai.

Yaya ta tsaya. Wannan ce yarinyar da ta goya, ta yi wa kitso ta raka makaranta. Ba ta san lokacin da ta zauna ta jawo kan Auta zuwa kafaɗarta ba.

"Ya isa. Yi shiru. Gama aikinki."

"Da an ƙaddamar da rahoton, washegari da kaina zan kai ki asibiti. Na rantse."

Inna ba ta ji da kyau, amma ba a ɓoye mata abu. Ta lura yadda cokali ke zuwa mata ta kumatu kafin ya sami baki. Da Auta ta shigo gaishe ta wata safiya, ta kama mata gefen riga da hannun da ke aiki.

"Ke likitar takarda. Ki kawo ko wace ce ta riƙa ɗaga ni. Ba na cizo, haƙoran ma babu. Yarinyar nan makancewa take yi."

"Inna, faɗa kawai kike yi. Mun san halinki. Ranar da aka kawo ta, ke za ki fara korarta."

"Na ce ki kawo."

"To, Inna. Bari a gama ƙaddamarwa."

Da yamma Lauya ya kira, Yaya ta gaya masa abin da Inna ta ce. Ya yi dariya. "Tsufa ne. Gobe za ta ce ba ta faɗa ba."

Ranar ƙaddamarwa, Yaya ta farka ta ji motsin gida. Ana watsa ruwa a banɗaki, yara na rigima a kan takalmi, motoci na wucewa a titi. Gari ya waye ke nan. Ta buɗe ido, ta sake buɗewa. Babu bakin kwalba. Sai wani abu toka-toka kamar hayaƙi, wanda ya ɗan fi haske ta wajen taga. Ta ɗaga hannu gaban fuskarta ta motsa yatsu. Ta ji iskarsu kawai.

Ta daɗe a zaune a bakin katifa. Sannan ta ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmin Auta a baranda, da ƙamshin turarenta.

"Auta."

"Yaya, na makara, baƙi sun fara isowa. Ki yi min addu'a. In na dawo."

Ƙofar gida ta rufe.

"Ke, yau ba wanka ne?" in ji Inna.

Yaya ta tashi. Ta bi bango har ƙafarta ta taɓa ƙarfen gado. Hannuwanta sun san hanya. Ɗaya ƙarƙashin kafaɗu, ɗaya ƙarƙashin cinyoyi. Ta ɗaga. Ta yi mata wanka, ta shafa mata mai, ta lalubo kwalba mai zare. Inna ba ta yi tsiwa ba ranar. Da aka zo cin abinci, ita ta riƙa miƙo baki tana bin cokalin, hawaye na bin karkataccen kumatunta, Yaya ba ta sani ba.

Auta ta dawo kafin faɗuwar rana da hayaniyar farin ciki. Ta shigo ɗakin ko takalmi ba ta cire ba. Zauren ya cika, ta ce, har da masu tsayuwa. Shugabar kwamitin majalisa ta yi alkawari a bainar jama'a. Da aka karanta adadin matan da jinya ta hana zuwa asibiti, wata 'yar jarida kuka ta yi.

"Ga naki, Yaya. Na farko da aka ciro daga kwali. Buɗe shafin farko ki gani."

Ta ɗora mata littafin a cinya. Yana da nauyi, bangonsa santsi, yana ƙamshin sabuwar takarda. Yaya ta shafa shi, ta buɗe, ta sunkuyar da kai a kansa.

"A juye ta riƙe shi," in ji Inna. "Ke da kika yi karatu, ba ki gani ba? A juye yake."

Yaya ta ji Auta ta durƙusa a gabanta, ta ji iskar hannu tana wucewa ta fuskarta, sau ɗaya, sau biyu.

"Yaya. Tun yaushe?"

"Da safe. Na kira ki." Ta miƙa mata littafin ta inda take jin numfashinta. "Karanta min. Me kika rubuta?"

Auta ta karɓa ta karanta. "Ga Yayata, wadda ba don ita ba da wannan aiki bai yiwu ba."

"Gaskiya kika rubuta," in ji Yaya.

Washegari Auta ta cika alkawari, da kanta ta kai ta. Likita ya haska fitilarsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kashe ta. Ya tambayi dalilin da ya sa ba ta dawo ba. Ya ce yanzu aikin ba shi da abin da zai ceto.

Mai jinya kuwa, kafin azahar ta iso. Waya ɗaya Auta ta buga daga harabar asibitin. Lauya ya zo da gudu, ya ce shi zai ɗauki nauyin albashinta, ai tun farko da an gaya masa abin ya kai haka. Mijin Auta ya kwashe kayan ɗakin baƙi da hannunsa. Matar ta shiga ta gaishe da Inna, ta naɗe hannun riga ta cicciɓe ta, Inna ba ta ce uffan ba. Abin da aka yi watanni ana cewa sai an zauna, sai an tsara, sai an gama, bai ci rabin yini ba. Ba kuɗi ne ya yi ƙaranci a gidan nan ba, ba ilimi ba, ba ma tausayi ba, don an zubar da hawaye a kan teburin gidan saboda matar da ke can wani ƙauye. Kowa a gidan ya san sunan abin da ake yi wa Yaya, har da turancinsa. Sun dai san cewa ko an yi ko ba a yi ba, gobe da safe za ta tashi ta ɗaga Inna. A kan wannan suka dogara, har ranar da ta kasa musu amfani, sannan wayar ta samu bugawa.

Yanzu Yaya na zaune a falo, a kan kujerar nan, hannuwa a cinya. Ta samu hutun da rahoton ya ce a ba masu jinya. Keken ɗinkin an fitar da shi baranda don a sa wa sabuwar matar katifa.

Da yamma Auta ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta. Kwana biyun nan haka take yi. Littafin na kan tebur, Yaya ta lalubo shi.

"Auta, tambayar nan da kuka gajarta. Yanzu e ko a'a ce, ko?"

"E, Yaya."

"To tawa e ce. Ba sai na yi bayani ba." Ta shafa bangon. "Matan nan da kuka ƙirga, ba za a iya ƙara mutum ɗaya a kai ba?"

Auta ta kifa goshi a gwiwar yayarta. Daga ɗaki ana jin sabuwar matar tana nishi, tana ɗaga Inna.

"An riga an buga, Yaya."